Yaron da Ke Tara Tarkace



A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Da jarrabawa ake shiga. Aka tanadar musu ɗakunan gwaji, ɗalibi ya taɓa abu da hannunsa. Yau in ka shiga manyan asibitocin Kano da Jigawa, da wuya ka rasa tsohon ɗalibin Dawaki.

Ni damuwata yaran da ba su kai can ba. Dubi yaron unguwarku da ya tsinci gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifa ya yi tayoyi, ya ciro ɗan injin da ke juya kaset daga matacciyar rakoda, ya haɗa da batirin tocila, mota ta tashi. Shi da kansa ya gano cewa in ya sauya wayoyi biyun da suka haɗa injin da batirin, baya motar za ta yi. Wannan fa darasin lantarki ne sukutum! Amma me yake samu a gida? Tsawa: "Ka cika mana ɗaki da shara!" A makaranta kuma a zana masa batir a allo, ya haddace, ya juye ranar jarrabawa.

Iyaye, don Allah a bar masa tarkacensa. Malamai kuwa, ko babu ɗakin gwaji, batir biyu da ƙwan tocila da guntuwar waya sun isa a kunna wuta a gaban aji. A riƙa kiran 'yan mata ma su fito su haɗa da hannunsu.