Ƙaramin Injin da ke Cikin Tumbin Saniya

Duk saniyar da kuka gani tana tuƙa a inuwa, a tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu samar da iskar mitan, wadda ke cin wuta. Abincinsu haidurojin ne da iskar nan da muke fitarwa wajen numfashi: kashi 4 na haidurojin, kashi 1 na waccan, sai mitan da ruwa su fito.

To, me ke fasa haidurojin ɗin a cikin halittun nan? Wani furotin ne, haidurojines, wanda Marjory Stephenson da Leonard Stickland suka gano a Ingila a 1931. A tsakiyarsa akwai ɗigon nikel da baƙin ƙarfe. Abin da ya fi burge ni, idan nikel ya yi ƙaranci, wasu halittun sai su koma ga wani nau'in haidurojines mai aiki da baƙin ƙarfe kaɗai, wanda aka gano a Marburg ta Jamus a 1990. Na'urorin ɗan Adam kuwa galibi sai da tsadadden filatinam suke wannan aiki.

Kashin shanun da ke jibge a mayankarmu cike yake da halittun nan. Jama'a, mu tara shi a rufaffen rami, mu samu gas ɗin girki, itatuwanmu su huta.