YANAR IDO: TSATSA CE, BA SAMMU BA

Muhimman sassa na jawabin da wani lokotoron ido ya gabatar gaban dattawa da zaɓaɓɓun Badagishiri, cikin jahar Tawa.

Bayan gaisuwa da ban girma ga iyayen ƙasa, mai jawabin ya ce a bayan baƙin ido akwai wata ƙwaya garau kamar gilashi, wadda ke tattara haske. Ba ta da jijiyar jini ko guda; daga ruwan da ke kewaye da ita take ci. Tsabtarta ta dogara ga daidaiton gishirin jiki iri uku: fotasiyom ya yi yawa a ciki, sodiyom da kalsiyom kuwa su tsaya waje. Masu tsare wannan doka wasu ƙananan famfuna ne da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta, masu kwarfe sodiyom dare da rana. Jens Skou, ɗan ƙasar Danmak, shi ya gano su a 1957.

Ya ci gaba da cewa kamar yadda iska ke sa garma tsatsa, haka zafin hasken rana da hayaƙin taba da ciwon sukari da tsufa ke haifar da sinadarai masu cin jiki. Ido yana da garkuwarsa, gulutatayon, amma tana raguwa da shekaru. In ta gaza, famfunan su raunana, sodiyom ya kwararo, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. Kalsiyom kuma ya tada abubuwan da ke sassare furotin, ya dunƙule, ya yi fari kamar dafaffen ƙwai. Wannan ita ce yana, wadda ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya.

Don haka ya gargaɗi manoma da su riƙe malafa, su bar taba, su ci zogale da tumatir. Ya ce in yana ta kama, tozali ko ɗigon magani ba su cire ta, kuma tsirar idon da allura irin ta gargajiya kan kashe shi ɗungum. Magani shi ne aikin asibiti, a sa ƙwayar roba, dabarar da Harold Ridley ya fara a Landan a 1949.

Daga ƙarshe ya juya ga zaɓaɓɓu, ya ce duk tsohon da ya makance, jika guda ke barin makaranta ya zama ɗan jagora. Saboda haka kuɗin mota da na aikin talaka magana ce ta majalisa; kada a bar ta sai lokacin neman ƙuri'a.