AWON YARO BAI ƘARU BA: YAUSHE ZA A FARA MASA KUNU?

Wannan jawabi an shirya shi domin ranar awon yara da cibiyoyin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa jama'a, maza da mata.

 

Maganar yau ta shafi uwa mai goyo wadda ta kai ɗanta awo, aka aza shi bisa sikeli, aka ce nauyinsa bai ƙaru ba kamar na watan jiya. Ta komo gida hankalinta a tashe. Kakar yaro ta ce nono ba ya isar shi, a dama masa kunu. Maƙwabciya ta ce a ba shi hura. Maigida ya ce a sawo madarar gwangwani. Yaro kuwa watansa 4 duka. Kowa alheri yake nufi, amma in aka bi wannan shawara ramar yaron tana iya ƙaruwa. Ga dalili.

YADDA NAUYIN JINJIRI YAKE TAFIYA

Jinjiri lafiyayye ana haihuwarsa da kilo 3 ko kusa da haka. Cikin kwanakin farko yana raguwa kaɗan. Kafin sati 2 ya maida nauyinsa na haihuwa. Daga nan sai ya riƙa hawa da sauri. A wata 3 na farko yana ƙara garam 700 zuwa kilo 1 kowane wata. Bayan haka tafiyar tana yin sannu. Wata na 4 wajen garam 600, na 5 wajen garam 500, na 6 wajen garam 400. Daga wata 6 zuwa shekara, garam 300 ne a wata, ko ƙasa da haka. Uwar da ta ga wannan kada ta tsorata. Haka halittar yaro take.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ma'aunin girman yara. An auna yara masu shan nonon uwa a ƙasashe 6, har da Gana. Bisa wannan ma'auni, matsakaicin yaro namiji mai wata 6 yana da kilo 7 da garam 900, mace kuma kilo 7 da garam 300. A shekara 1, namiji kilo 9 da garam 600, mace kilo 8 da garam 900. Wani ya fi haka, wani bai kai ba, kuma duka lafiyarsu lau.

Saboda haka awo guda ba ya faɗin kome. Abin dubawa shi ne layin da ake ja cikin karnen awo wata bayan wata. In layin yana hawa, yaro yana girma, ko da ƙarami ne. In layin ya kwanta wata 2 a jere, akwai abin bincike. In ya gangara, akwai haɗari.

KUNU KAFIN WATA 6 BA YA ƘARA NAUYI

Cikin jinjiri ƙarami ne, bai fi ƙaramin kofi ba. Abin da ya shiga ciki shi ke cika wurin. Kunu mai ruwa-ruwa ƙarfinsa bai kai na nonon uwa ba, sau da yawa rabinsa ne kawai. In aka cika cikin yaro da shi, yaro ya ƙoshi, ya yi barci, ya rage tsotso. Nono kuwa tsotso ne yake kawo shi. In tsotso ya ragu, nono ya ragu. Sai a ce ga shi, dama an faɗa nono ba ya isa, a ƙara kunu. Ta haka yaro yake ramewa.

Na biyu, hanjin jinjiri bai yi ƙwari ba. Ruwan rijiya, ruwan tabki, bauri, ludayin da ƙuda ya sauka a kai, duk suna kai masa ƙwayoyin cuta. Zawo na kwana 3 yana iya cinye nauyin da aka yi wata guda ana tarawa.

Ko cikin zafin bazara jinjiri ba ya bukatar ruwa. Kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa, ta ƙara ba yaro nono.

A da, ma'aikatan lafiya da kansu suna cewa a fara abinci tsakanin wata 4 da wata 6. Kakar da ta tuna da haka ba ƙarya ta yi ba. Amma a shekarar 2001, bayan bincike, OMS ta tsayar da magana: nonon uwa tsantsa har wata 6 cif, sannan a ƙara abinci, a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye.

IN AWO YA TSAYA KAFIN WATA 6

Gyara yana wurin shayarwa. Uwa ta ba da nono duk lokacin da yaro ya nema, dare da rana, aƙalla sau 8 tsakanin safiya da wata safiya. Ta zauna ta natsu. Cikin yaro ya dubi cikinta, haɓarsa ta taɓa nono, bakinsa ya buɗe sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono. Ta bar shi ya shanye nono ɗaya kafin ta juya shi ga ɗayan, domin nonon farko ya fi ruwa, na ƙarshe ya fi maiƙo, kuma maiƙon ne yake sa ƙiba.

Yaron da yake fitsari sau 6 ko fiye a yini, fitsarin kuma ba ja ba, yana samun nono. In duk an yi haka awo bai motsa ba, a koma gidan likita. Wataƙila yaro yana da masassara, ko ciwo a baki, ko wata cuta. Wataƙila uwa ce ba ta da jini. Ma'aikacin lafiya shi zai duba, shi zai faɗi abin yi.

WATA 6 YA CIKA

Yanzu lokaci ya yi, kuma jinkiri ma yana da illa. Yaro ya girma, nono kaɗai ba ya cika masa bukata. Ajiyar sinadarin ƙarfe mai yin jini, wadda ya fito da ita daga cikin uwa, ta kusa ƙarewa. Yaro yana zama in an tokare shi, yana riƙe wuyansa, yana bin abinci da ido, yana kai hannu baki. Yaran da ake kwantarwa saboda tamowa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, mafi yawansu tsakanin wata 6 ne da shekara 2. Jama'a ba su manta da shekarar 2005 ba, lokacin da gidajen jinyar tamowa suka cika a jihar Maraɗi.

Abinci ƙari ne bisa nono. Daga wata 6 zuwa shekara, nono yana ba yaro rabin ƙarfin da yake bukata ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 2, kashi 1 cikin 3. Saboda haka a farkon farawa uwa ta ba da nono tukuna, sannan ta kawo kunu.

KUNU MAI ƘARFI

Kunun yaro ya yi kauri. Ga gwaji: a ɗebo da cokali, a karkata cokalin. In kunun ya tsiyaye kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya bisa cokalin yana zuba sannu-sannu, ya yi.

Hatsi kaɗai bai isa ba. A haɗa awo 3 na garin hatsi ko dawa da awo 1 na garin wake. Waken a soya shi sama-sama, a cire ɓawon, a daka ya yi laushi, a tankaɗe. In babu wake, a sa tunkuza ko garin ƙuli-ƙuli marar tonka. A dafa kunun ya dahu sosai. In an sauke, a zuba ƙaramin cokali guda na man gujiya ko man shanu. Gujiyar da ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci a zubar, tana da dafi mai ɓata hanta.

Bayan kwanaki, a riƙa ƙara wasu abubuwa ɗaya-ɗaya: dafaffen ƙwai, hanta, garin busasshen kifi wanda aka tankaɗe ƙayarsa, naman da aka daka, madarar saniya ko ta akuya da aka tafasa aka zuba cikin kunu. Waɗannan su ke yin jini da tsoka. Wasu suna cewa ƙwai yana sa yaro sata. Ƙwai ba ya sa sata. Gidan da ke da kaji ko zabi yana da abincin yaro a tsakar gida.

A ƙara ganye: zogale, kuka, alayyafo. A ƙara kabewa, karoti, mangwaro nunanne da gwanda, a murje su. Suna taimakon ido, suna kare jiki daga cuta.

Abin da ba a ba yaro: zuma kafin ya cika shekara, shayi, lemun kwalba, tonka, gishiri da sukari mai yawa. Ƙwayar gujiya da ba a daka ba tana iya shaƙe shi.

SAU NAWA, KUMA NAWA?

Wata 6 zuwa 8: sau 2 ko 3 a yini. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Kofin da ake nufi shi ne mai cin rubu'in lita.

Wata 9 zuwa 11: sau 3 ko 4 a yini, rabin kofi kowane ci. Tsakani a ba shi abin riƙewa a hannu, kamar dafaffen dankali ko yankin mangwaro. Ana iya farfasa masa tuwo cikin miya marar yaji.

Shekara 1 zuwa 2: sau 3 ko 4 a yini daga abincin gida, kusan kofi guda, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, da nono.

YADDA AKE BA SHI

Yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai. In ya ci kwano ɗaya da yayyensa, su za su cinye, uwa ba za ta san abin da ya shiga cikinsa ba. Uwa ta zaunar da shi, ta dube shi, ta yi masa wasa. Ranar farko yana iya turo kunu da harshe. Koyo yake yi, a sake gwadawa gobe. Kada a yi masa ɗura, kada a toshe masa hanci. Ɗura tana kai kunu cikin huhu, kuma tana kisa. Sannu ba ta hana zuwa.

Uwa ta wanke hannunta da sabuni, ta wanke na yaro. A wanke kwano da cokali, a rufe. Kunun safe ba a ba yaro shi da marece. Bibaro mai kan roba yana da wuyar wankewa, kofi da cokali sun fi. Tunda abinci ya shiga, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, mai tsabta, wanda aka tafasa.

In yaro ba shi da lafiya kada a tsayar da nono, kada a tsayar da kunu. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. In ya warke, a ƙara masa ci guda kowace rana har sati 2, ya maida abin da ya rasa.

ALAMUN GAGGAWA

Daga wata 6 ana auna damtsen yaro da igiya mai launi 3. Tsanwa lafiya ce. Ruwan ɗorawa, wato santimeta 11 da rabi zuwa 12 da rabi, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da santimeta 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Uwa da kanta tana iya koyon wannan awo. In igiya ta nuna ja, ko ƙafafu biyu sun kumbura, ko yaro ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, a tafi gidan likita ranar nan, ko da dare ne.

A gidan awo ana ba da bitamin A daga wata 6, ana yin allurar dussa, wato ƙyanda, a wata 9. Da damina ana raba wa yara maganin rigakafin masassara. Uwa ta riƙe karne, ta je kowane wata.

AIKIN MAIGIDA DA KAKA

Da damina rumbu ya yi ƙasa, uwa tana gona, yaro yana hannun yayarsa. A lokacin ne yara suka fi ramewa. Maigida mai hangen nesa tun da kaka yake ware tiya kaɗan ta wake da gujiya, ya ce wannan ta yaro ce, ba ta kasuwa ba. Ranar kasuwa ya sawo hanta ko kifi. Ya rage wa matarsa aiki, ya ba ta izinin zuwa awo. In uwa ta samu ciki tana goyo, nononta bai ɓaci ba, kada a yi wa yaro yaye na rana ɗaya. Kakar yaro kuwa maganarta ake ji a gida. In ta ce nono tsantsa har wata 6, sannan kunu mai kauri, ba wanda zai musa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya raya yara, ya ba iyaye abin ciyar da su. Amin.