Karatu a Gida, Amana a Wuyan Iyaye



Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu har aka koma karantar da yara ta rediyo da wayar hannu, iyaye da dama suke tambayar kansu ko ilimi zai samu ba tare da yaro ya taka ƙofar aji ba. Alhali kuwa wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata masu sani, kowacce ana kiranta jaji, suna ɗaukar karatu daga gare ta, su kai wa matan ƙauyuka, su koya musu tsarki da salla da ladabin zama da mutane.

Amma duk wanda ya ga malami a zaure bayan Magariba, ya karɓi allon almajirinsa ya duba rubutun, ya gyara masa wasali ɗaya da ya kuskure, zai gane abin da waya ba ta iya yi, domin ita ba ta lura da fuskar yaro ta san ko ya fahimta, ga kuma tsadar data da ƙarancin wuta.

Saboda haka, ko allo aka zaɓa, ko Islamiyya, ko boko, ko intanet, wajibi ne uba da uwa su zauna da ɗansu su ji abin da ya karanta, domin tarbiyyarsa amana ce da za a tambaye su ranar gobe Ƙiyama.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.