Ido Ɗaya a Kan Kwamfuta Talatin



Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, bayan ta Marwa a 2008, ɗakunan kwamfuta sai ƙaruwa suke yi a arewacin Kamaru, amma masu kula da su ba su ƙaru haka ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne za a miƙa wa kwamfuta talatin a ce ya ɗora musu babbar manhaja kafin a koma karatu.

An daɗe da samun hanyar rage wannan wahala. Ta fasahar PXE, wadda Intel ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1990, kowace kwamfuta kan tashi ta jawo manhajar daga uwar garke ta wayar sadarwa. Sai a rubuta fayil guda mai amsa duk tambayoyin da ake yi lokacin ɗorawa: harshe, agogo, yadda za a raba faifai. A babbar manhajar Red Hat ana kiransa Kickstart, a ta Debian kuma preseed.

Matsalar ita ce na'ura ba ta kuka idan ta maƙale. Faifan ta bakwai ya lalace, ta goma sha biyu ta tsaya tana jiran amsa, ma'aikaci kuwa yana can yana zaton komai na tafiya. A nan arewacin Kamaru abin ya fi tsanani. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, mai megawat 72, kuma idan ruwan Binuwai ya ja baya a zafin Maris da Afrilu, ɗauke wuta kan katse aiki a tsakiya.

Nan ne VNC ke da amfani. An ƙirƙire ta a wani ɗakin bincike na Olivetti a Kambrij ta Ingila, aka sake ta ga jama'a a 1998. Tana kawo maka fuskar wata kwamfuta a kan taka. Abin da na fi so shi ne a juya tsarin: ka bar manhajar kallonka tana saurare a ƙofa mai lamba 5500, ka umarci kowace na'ura ta kira ka da kanta da zarar ta fara. Tagogi za su yi ta buɗewa a gabanka, ba sai ka bi kana neman adireshin kowacce ba, kuma wadda ba ta kira ba ka san wajenta za ka nufa.

Ina roƙon ɗalibai su riƙe abu biyu. Tsohuwar VNC ba ta ɓoye abin da ke wucewa, kuma harufa takwas kawai take karantawa a kalmar sirri, don haka kada ta fita daga layin cikin ɗaki zuwa intanet. Sannan uwar garke da akwatin da ke haɗa wayoyi, a sa su a kan batir ko sola tun kafin a kunna na'ura ta farko.