Aro Dabam, Rance Dabam

 

Yau darasinmu a kan kalmomi biyu ne masu kama da juna: ara da ranta. A hira mukan haɗa su. Amma ga takarda, kowace da wurinta.

Abin da ka ara, shi ɗin nan za ka mayar. Manomin Jiratawa ya ari hauyar maƙwabcinsa, ya gama aikin fadama, sai ya mayar da ita. Ba wata hauya ba, ita dai. Haka amalanke, haka tsani, haka keke.

Abin da ka ranta kuwa, kashe shi za ka yi, ko ka cinye. Daga baya ka biya da irinsa. Mace a Tibiri ta ranci tiya 10 ta hatsi da bazara. Hatsin ya tafi tukunya. Da kaka ta auna wata tiya 10 ta biya. Kuɗi ma rance ne.

Ke nan, aro mayarwa ake yi, rance biya ake yi. Faransanci kalma guda yake da ita ga mai karɓa, ko aro ne ko rance. Hausa ta raba su.

Ku lura kuma da mai bayarwa da mai karɓa. "Na ranci jika 5": ni ake bi. "Na ranta masa jika 5": ni nake bi. Ƙaramin bambanci ne, amma yana juya bashi.

Akwai kalma ta uku mai haɗari, wato ba. A ce ɗan kasuwa a Maraɗi ya rubuta: "Na ba ƙanena jika 20." Bayan shekara biyu ya rasu. Magada su ce rance ne, ƙanen ya ce kyauta ce. Takardar ba ta raba gardama ba, zumunci ya ɓaci. Da ya rubuta "na ranta wa", da magana ta ƙare.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne, amma a rubuta shi daidai: suna, adadi, rana, da shaidu.

Ga aikinku. Kowa ya rubuta jimla biyu, ɗaya da ara, ɗaya da ranta, ya nuna wa malaminsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.