Dillalin Inshora da Amfaninsa ga 'Yan Kasuwa da Jama'ar Gunduma

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana aikin dillalin inshora, domin Hakimi da malaminsa su san abin da za su gaya wa talakawa in an zo neman shawara. Duk ran da gobara ta tashi a kasuwa, ko mota ta faɗi da kayan fatake, ƙofar Hakimi a kan fara zuwa da kuka. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a daminar 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata atamfofi da yadudduka masu yawa. Gudummawar Gwamnati da jajen 'yan'uwa su kan rage zafi, amma ba safai su kan mayar da jarin mutum yadda ya ke ba.

Mece ce inshora?

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mai dukiya da kamfani. Mai dukiya ya kan zuba kuɗi kaɗan kowace shekara, kamfani kuwa ya ɗauki lamunin biyan diyya in asarar da aka ambata cikin takarda ta auku. Mutum dubu za su zuba, amma ba dukansu wuta za ta ci a shekara guda ba, saboda haka da kuɗin masu yawa a ke ɗinke asarar kaɗan. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan, gama tun 1921 kamfanin Royal Exchange na Ingila ya buɗe reshe a Ikko. Yanzu hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke lura da kamfanoni da dillalai duka, a 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin dokar inshora ta 2003.

Dillali dabam, wakilin kamfani dabam

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wakilin kamfani ɗan aiken kamfaninsa ne, hajar maigidansa ya ke talla. Dillali kuwa na mai saye ne. Kamar yadda baƙon da ya kawo shanu kara ya kan sauka wurin fatoma, wanda ya san masu biya da masu cin bashi, haka ɗan kasuwa ke buƙatar wanda ya san halin kamfanoni: wanne ke biya da sauri, wanne ke jan rai. La'adar dillali daga kamfani ta ke fitowa, cikin kuɗin da aka riga aka zuba, kuma hukuma ta ƙayyade iyakarta. Dillali na gaskiya yana da lasin NAICOM, yana kuma cikin rajistar majalisar dillalai ta NCRIB, wadda asalinta ya faro a 1962, aka kuma ƙarfafa ta da doka a 2003.

Aikinsa kafin asara

Da fari dillali ya kan tafi da ƙafarsa ya duba shago, ko sito, ko injin casar shinkafa. Zai duba wayoyin lantarki, da inda a ke ajiye fetur, da ko akwai abin kashe wuta, sa'an nan ya ba da shawarar gyara. Bayan wannan sai ya nemo farashi daga kamfanoni biyu ko uku, ya fassara wa mai dukiya sharuɗɗan kowanne, tun da ya ke yawancin takardun da Turanci mai wuya a ke rubuta su.

Akwai wurare uku da 'yan kasuwa suka cika yin tuntuɓe, dillali kuwa ya san su. Na farko, ɓoye gaskiya. In mutum yana ajiye jarkokin fetur a bayan shago bai faɗa ba, kamfani yana iya ƙin biya ran da wuta ta tashi. Na biyu, zaton takarda guda ta rufe kome. Inshorar gobara ba ta haɗa da ambaliya ba sai an ƙara ta cikin takarda, sata kuma tata dabam ce, haka nan kayan da ke kan hanya cikin mota. Na uku, rage ƙimar dukiya don a rage kuɗin zubi. Ga misali: attajiri yana da kaya na naira miliyan 20, ya rubuta miliyan 10. Wuta ta ci kayan miliyan 8. Miliyan 4 kaɗai za a ba shi, domin rabin dukiyarsa ya sa cikin lamuni, rabin asara kuma za a biya. Araha ba ta ado. Da ya ke farashin kaya yana hawa, dillali ya kan tuna wa mutanensa su sabunta ƙima kowace shekara.

Har wa yau ya kamata a sani, tun 2013 aka tsananta ƙa'idar cewa ba lamuni sai an biya kuɗin zubi. Wanda ya karɓi takarda bisa alkawarin biya gobe, in wuta ta tashi yau, ba shi da kome.

Aikinsa bayan asara

Ranar asara a ke gane dillalin kirki. Shi zai sanar da kamfani nan da nan, gama jinkiri ya kan ɓata haƙƙi. Zai taimaka a tattara rasiɗai da littafin ciniki da rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda. Kamfani zai aiko mai ƙiyasin asara, dillali kuwa zai tsaya gefen mai dukiya don kada a tauye shi. In an ƙi biya ba bisa hujja ba, ya san hanyar kai ƙara ofishin koke-koke na NAICOM. Mutumin da ba ya rubuta cinikinsa zai sha wuya a nan, don haka tun yau ya fara, ya kuma ajiye kwafe a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amfaninsa ga jama'a

Shago guda in ya tashi bayan gobara, ba mai shi kaɗai ya tsira ba. Yaran shago, da 'yan dako, da masu kawo kaya, da waɗanda ke binsa bashi, duk sun tsira. Dokar inshorar mota kuwa, wadda aka kafa tun 1945, don mai tafiya a ƙasa aka yi ta, domin in mota ta buge shi ya sami diyya. Daga Janairu 2023 aka mai da kuɗin ƙaramar motar gida naira 15,000 maimakon 5,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta kai naira miliyan 3. Takardar jabu da a ke sayarwa a bakin tasha ba ta biyan kowa ko anini. Manoma kuma suna da hukumar NAIC, wadda shirinta ya fara a 1987, mai lamunin amfanin gona da dabbobi.

Waɗansu su kan guji inshora saboda shakkar addini. Don haka a 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idodin takaful, a 2016 kuma ta ba kamfanonin Noor da Jaiz lasin. A wannan tsari abin da mutum ya zuba taimako ne ga asusun jama'a, ba a juya kuɗin ta hanyar riba, in kuma an sami rara a kan raba wa masu zubi. Dillali ya kan nuna wa mutum hanyoyin biyu, ya zaɓa da shawarar malamansa.

Abin da a ke roƙon Hakimai

1. Duk wanda ya shigo gunduma da sunan dillali, a nemi ganin lasinsa kafin a haɗa shi da Sarkin Kasuwa ko dagatai.

2. Malamin Hakimi ya gargaɗi jama'a kada su ba da kuɗi sai da rasit, kada kuma su sa hannu ko su dangwala yatsa sai an karanta musu takarda da Hausa.

3. In asara ta auku, a rubuta rana da wuri da abin da aka gani, ba ƙari ba ragi. Ƙarya cikin neman diyya laifi ne, tana kuma jawo tsadar zubi ga kowa.

4. Hakimi kada ya tsaya wa wani kamfani ko dillali shi kaɗai, gama in aka cuci talaka, sunan sarauta zai ɓaci.

Allah ya kiyashe da jama'a daga gobara da asara, ya sa albarka a kasuwanni. Amin.